Rijiyar gida, burtsatse ko rijiyar fadama: wane ruwa za a sha, wanne za a ba shuka?

Da an kai masara kasuwar Saminaka, ko an sayar da citta a Kachia kuɗi ya ɗan zauna a hannu, maganar ruwa takan taso a gidaje da yawa. Wani ya ce a yashe tsohuwar rijiya a ƙara mata gaba biyu. Wani ya ce a yi karo-karo a kira masu mota su haƙa burtsatse kowa ya huta. Mai lambu kuwa hankalinsa na can fadama, inda zai kafa bututu ya ja ruwa da inji. Abin da ake aunawa galibi biyu ne: nawa za a kashe, kuma ruwan zai kai Afrilu bai ƙafe ba? Abin da ke narke a cikin ruwan kuwa sai an gama aiki an biya ake saninsa, lokacin da farin yadi ya fara yin ja, ko yara suka fara zawo bayan ruwan farko.

Sai an san ƙasar tukuna kwatancen zai yi ma'ana. Mafi yawan Jihar Kaduna na zaune ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ya ɓullo fili a Kufena da Kajuru. Wannan dutse ba ya riƙe ruwa a jikinsa yadda rairayin ƙasar Borno ko na Sakkwato ke yi. Ruwan yana wuri biyu ne kawai. Na farko shi ne ruɓaɓɓen dutsen da ke ƙarƙashin marmara da jar ƙasa, wanda ruwan sama ya daɗe yana ci har ya koma yumɓu da tsakuwa. Na biyu shi ne tsage-tsagen da ke cikin dutsen kansa, can ƙasa. Rijiyar hannu daga na farko take sha, ta tsaya inda diga ta ci karo da dutse, galibi tsakanin mita 5 zuwa 15. Burtsatse yakan ratsa ruɓaɓɓen ya shiga neman tsaga, sau da yawa mita 30 zuwa 60, wani wuri fiye. Rijiyar fadama daban take: ita a cikin rairayin da koguna irin su Galma da Kaduna da Mariga suka shimfiɗa a gefensu take zaune, kuma ba ta da zurfi ko kaɗan.

Ruwan wannan ƙasa a asalinsa mai sauƙi ne. Gishirin da ke narke a cikinsa kaɗan ne, sabulu na kumfa da shi, ba kasafai ake gamuwa da zartsi ba. Sai dai yakan ɗan karkata zuwa tsami, wato ma'aunin pH ɗinsa yakan sauka ƙasa da 6.5, alhali ma'aunin ruwan sha na Najeriya da hukumar kula da ingancin kayayyaki ta ƙasa, SON, ta fitar a 2007, aka sabunta a 2015, ya ce ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Wannan ɗan tsamin ba ya cutar da mai sha, harshe ma ba ya jin sa, amma yana cin ƙarfe. Za mu dawo kansa.

Rijiyar gida tana da abin yabo da mutane suka fara mantawa. Ba ta neman fetur, ba ta neman makaniki, guga da igiya sun isa. Tana kuma da ciki. Rijiya mai faɗin mita 1.2 tana tara sama da lita 1,100 a kowace mita ɗaya ta ruwa, alhali bututun burtsatse mai inci 5 bai kai lita 13 a mita ba. Saboda haka ko idon ruwan mai rauni ne, cikin dare yana tsattsafowa ya taru, da asuba mata su ɗebi abin da zai ishe su. A ƙasar da dutse ke rowar ruwa wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Aibinta shi ne duk abin da ke saman ƙasa yana da hanyar zuwa gare ta. A duba tsakar gida ɗaya a ƙauyen Soba ko Kubau: ga rijiya, ga shadda a bayan ɗaki taku goma sha biyar, ga turken shanun huɗa, ga juji inda ake tara taki kafin a kai gona. Da rani ruwan ƙasa ya yi nisa, ba a ganin komai. Cikin Agusta kuwa ruwan ya hau har a wasu wurare ana iya ɗiba da hannu, gindin shadda da ruwan rijiya sun koma abu ɗaya a ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyin cutar amai da gudawa da taifot ta nan suke bi, ga kuma gugan da ake yarwa a ƙasa inda kaji da awaki suka taka, a sake jefa shi ciki. Ma'aunin ƙasa bai yarda da ko ƙwaya ɗaya ta E. coli, ƙwayar da ke nuna kashi ya shiga ruwa, a cikin mililita 100 na ruwan sha ba, kuma buɗaɗɗiyar rijiya da wuya ta ci wannan jarrabawa da damina. Wanda ya tuna 2021, shekarar da aka ƙirga sama da mutum 100,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,000 suka rasu, mafi yawa a Arewa, ya san ba wasa ba ne.

Ƙwayar cuta dai tafasawa na kashe ta, sinadarin kulorin ma haka. Wanda ya fi wuyar sha'ani shi ne naitiret, gishirin da ke fitowa daga fitsari da kashin mutum da na dabba, da kuma takin zamani. Ba shi da launi, ba shi da wari, ƙasa ba ta riƙe shi, ruwa na wanke shi kai tsaye zuwa ƙasa. Iyakarsa a ruwan sha miligiram 50 ne a lita. Babba yakan sha fiye da haka bai ji komai ba. Jariri ɗan ƙasa da wata shida, musamman wanda ake dama wa madarar gwangwani da ruwan rijiya, shi ne abin tsoro: naitiret na hana jininsa ɗaukar iska yadda ya kamata, leɓɓansa da yatsunsa su yi shuɗi-shuɗi, numfashi ya yi masa wuya. Uwa kuma da kyakkyawar niyya za ta ce ai ta tafasa ruwan. Tafasawa ba ta fitar da naitiret, ƙara masa kauri take yi, domin ruwa ne ke tafiya a tururi gishirin ya zauna. Alimun da ƙwallon zogale ma laka suke kwantarwa, ba su taɓa shi.

Mutane kan ɗora laifin duka a kan buhun yuriya, ni kuwa ina ganin a cikin gari shadda da turke sun fi gona laifi. Gonar masara ana zuba mata taki sau biyu ko uku a damina, shuka ta cinye rabo mai yawa. Shadda da turke kuwa kullum suna zuba a wuri ɗaya, shekara da shekaru, kuma babu saiwar da za ta tare. Shi ya sa rijiyar tsakiyar tsohon gari takan fi ta bakin gona naitiret. Inda taki ke da babban hannu shi ne fadama.

Idan rijiya za a zaɓa, ana iya gyara ta ta canza kama. A haƙa ta a ƙarshen rani, Maris ko Afrilu, lokacin da ruwa ya kai iyakar saukarsa, don wadda aka haƙa a Nuwamba yaudara take yi. A sa ta a tudun gida, shadda da turke a gangare, tazarar mita 30 in fili ya samu. A jera mata zoben kankare, a liƙe haɗin zobban sama da siminti, a daɓe bayansu da yumɓu. A ɗaga bakinta ya kai ƙugu, a yi mata daɓen siminti kewaye da magudana, a rufe da murfi, a bar guga ɗaya a rataye wanda ba ya taɓa ƙasa. In an samu hali aka ɗora mata tuƙa-tuƙa aka rufe bakin gaba ɗaya, ta kusa kamo burtsatse a tsafta, da kuɗin da bai kai nasa ba. Abin da wannan gyara ba zai yi ba shi ne cire naitiret da ya riga ya shiga ruwan unguwa, kuma ba zai hana ta ƙafewa ba in dutse ya tare ta da wuri.

To burtsatse fa? Amfaninsa na gaskiya shi ne yana tsallake ruwan sama-sama ya ɗauko wanda ya daɗe a ƙasa, wanda yumɓu mai kauri ya tace. Ƙwayar cuta ba kasafai take rayuwa ta kai can ba, kuma a ruwan da iska ta ƙare masa naitiret kansa yakan ragu. Yana kuma jure rani. Famfon tuƙa-tuƙa ɗaya mai lafiya yana ɗaukar mutum 250 zuwa 300.

Amma duk wannan ya dogara ne ga wani aiki da ba a gani bayan an gama, kuma nan ne aka fi cutar mutanen ƙauye. Ramin da mota ke haƙawa ya fi bututun da ake zurawa faɗi, akwai rata tsakaninsu tun daga sama har ƙasa. Ƙa'ida ita ce a zuba wankakkiyar tsakuwa a ƙasa daidai inda bututun ke da tsage-tsagen shigar ruwa, sannan a toshe saman ratar da kunun siminti, aƙalla mita 5 zuwa 6. Mai aikin arha sai ya mayar da ƙasar da ya haƙo ya cike ratar, ya shafa siminti a baki don ido, ya karɓi kuɗinsa. Daga ranar, ruwan tsakar gida da na kwata sun samu hanya mai santsi ta bin jikin bututu su gangara. An biya kuɗin mita 50, ana shan ruwan mita 2. Alamarsa a bayyane take: in aka yi ruwa mai ƙarfi da dare, washegari ruwan famfo ya fito da ɗan duhu ko ƙasa-ƙasa, to saman a buɗe yake. Ruwan da ya fito daga tsagar dutse babu ruwansa da hadarin jiya. Don haka ranar zuba siminti ita ce ranar da ya kamata mai gida ko ɗan kwamiti ya bar duk abin da yake yi ya tsaya a kai, ya ƙirga buhunan da idonsa.

Ko an yi aikin da kyau, ruwan zurfi na da nasa halin, kuma na farko shi ne ƙarfe. Inda babu iska, ƙarfen da ke cikin dutse yana narkewa a ruwa ba tare da ya canza masa launi ba. A tara shi a farar roba da safe, garau kamar hawaye. Kafin la'asar ya yi ruwan ɗorawa, wani jan gari ya kwanta a gindi. A dafa shayi da shi ya yi baƙi, a wanke farar riga ta fito da tabo, tuwon shinkafa ya dushe. Iyakar da aka sa miligiram 0.3 ne a lita, kuma an sa ta ne saboda ɗanɗano da tabo, ba don yana kisa ba. Haɗarinsa ta bayan gida yake zuwa: mata su ƙi ruwan, su koma rafi ko tsohuwar rijiya, a bar ruwa mai tsafta saboda muninsa a koma wa mai kyan gani da cuta a ciki.

A nan tsamin da aka ambata ya shigo. Ba kowane jan ruwa ne daga dutse yake ba. Famfo samfurin India Mark II da aka haɗa da bututun ƙarfe, in ya zauna a ruwan da pH ɗinsa ya gaza 6.5, tsatsa ke cin sa tun yana sabo. Ana iya rarrabewa ba tare da an je ko'ina ba. A tari ruwan farko da asuba kafin kowa ya taɓa famfon, sannan a bari a yi ta bugawa na awa ɗaya a sake tara. In na farko ja ne na biyu ya washe kuma ya zauna a washe, bututu ne ke ruɓewa, maganinsa a canza zuwa na roba ko ƙarfen da ba ya tsatsa, kamar yadda samfurin Afridev ke zuwa da bututun roba. In duka biyun sun yi ja bayan sun jima a ajiye, daga ƙasa ne. Shi ma yana da magani mai sauƙi: a bar ruwan ya sha iska, ya zubo daga sama ya watsu cikin tanki, ya kwana, a tace da rairayi.

Na biyu shi ne fuloraid, kuma shi ba ya nuna kansa a roba. Yana fitowa daga wasu irin duwatsu, yana ƙaruwa gwargwadon daɗewar ruwa a jikin dutse, don haka burtsatse ya fi rijiya haɗarinsa. Kaɗan daga cikinsa yana ƙarfafa haƙori. In ya wuce miligiram 1.5 a lita, yaran da suka taso a kansa haƙoransu na dindindin kan fito da fari-fari kamar alli, daga baya su yi ruwan goro, in ya yi yawa ƙwarai har ƙashi da gaɓoɓi yake taɓawa. An san Langtang a Filato da Kaltungo a Gombe da wannan matsala. Duwatsun gabas da kudu maso gabashin Kaduna, wajen Kudaru da Kagoro, dangin na tsaunin Jos ne, saboda haka duk wanda zai haƙa a wannan sashe ya sa fuloraid cikin abin da za a auna masa. Tafasawa ba ta cire shi, kulorin ba ya cire shi.

Ta ɓangaren Birnin Gwari kuma, da duk inda ake haƙar zinariya, tambayar dalma da zaiba ce. Abin da ya kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010, ya sake ɓulla a Rafi ta Jihar Neja a 2015, mafi yawansa ƙurar dutsen da ake daka a cikin gida ce ta jawo shi. Amma ƙurar nan tana sauka a buɗaɗɗiyar rijiya, ruwan wankin dutse kuma yana gangarawa kududdufi. Iyakar dalma miligiram 0.01 ne a lita. A irin wannan wuri rijiya mara murfi ba abin shawara ba ce sam.

Sauran aibin burtsatse kowa ya san shi. Ana iya haƙawa a tarar da dutse busasshe, shi ya sa kuɗin safiyo, wato binciken inda ruwa yake kafin haƙa, ba asara ba ne, ko da yake shi ma ba ya rantsuwa. Roba ɗaya ta lalace a cikin famfo sai a yi wata uku ana kallon sa, in babu kwamitin da ke tara ɗan abin gyara. Mai sumo, wato injin da ake zurawa cikin ruwan, da sola ya fi daɗi, ya kuma fi tsadar jinya.

Rijiyar fadama maganarta gajera ce: ta shuka ce. Bututun da ake kafawa a rairayin bakin kogi, wanda shirin Fadama ya yaɗa tun shekarun 1990, shi ya maye gurbin jigo a lambunan tumatir da albasa da rake na wajen Hunƙuyi da Maƙarfi da gefen Galma. Kuma lissafi na bayansa. Hekta ɗaya ta tumatir a zafin Maris tana shan kamar milimita 5 zuwa 7 a yini, wato lita 50,000 zuwa 70,000. Burtsatsen dutse da ke ba da rabin lita a daƙiƙa, ko an ja shi awa 10, lita 18,000 zai bayar. Wanda ya haƙa burtsatse a tudu da niyyar noman rani mai faɗi, sai in ya dace da babbar tsaga, in ba haka ba ɗan lambun bayan gida zai samu. Ta fuskar inganci kuwa ruwan fadamar Kaduna ba shi da gishirin da zai ƙone shuka ko ya kashe ƙasa, naitiret ɗin da ke cikinsa ma abinci ne ga tumatir.

Matsalar ita ce mai ban ruwa da yaransa suna yini a lambu, ƙishi ya kama su, su tara hannu a bakin tiyo. Ruwan nan yana ƙarƙashin rairayi ne mita kaɗan, a daidai wurin da aka fi ko'ina zuba yuriya da NPK da maganin feshi, kuma ruwan da aka ba shuka yau shi ne ke komawa ƙasa a sake jawo shi. Magungunan ma ba halinsu ɗaya ba. Magungunan ciyawa irin gilaifoset da farakwat suna manne wa ƙasa, ba su cika gangarawa ba. Atirazin da ake fesa wa masara da rake kuwa yana bin ruwa yana daɗewa, dalilin da ya sa Tarayyar Turai ta hana shi tun 2004 ke nan. Ga masu wanke tankin feshi a bakin bututu, da masu jefar da kwalbar magani nan inda suka gama. Jarka ɗaya daga gida a bayan mashin ta raba wannan gardama.

In ni aka tambaya, unguwar da ta cika da gidaje, shadda a kowane lungu, ba ta da zaɓi sai burtsatse mai toshiyar siminti ta gaske, a gefen gari ta ɓangaren tudu, ko da mata za su ƙara tafiya. A bar rijiyoyin gida ga wanki da dabbobi da ranar da famfo ya lalace, kada a cike su. Gida ɗaya ko ruga a bakin gona, inda fili ya wadata kuma ruɓaɓɓen dutsen na da kauri, rijiya mai zobe da murfi ta ishe su, kuma ta fi burtsatsen da aka yi cinikinsa har mai haƙa ya rage siminti. Arha a wannan aiki daga abin da ba a gani ake cire ta.

Kowanne aka zaɓa, a auna ruwan. Cibiyar Albarkatun Ruwa ta Ƙasa na nan Mando a cikin Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello na Zariya, hukumar RUWASSA ta jiha ma aikinta ke nan, ruwan karkara. A nemi a duba E. coli, naitiret, pH, ƙarfe da ɗan'uwansa manganis, da fuloraid, a ƙara dalma in ana haƙar ma'adinai a kusa. Ruwan gwajin ƙwayar cuta a kwalbar da ɗakin gwaji ya bayar ake ɗiba, a sa a ƙanƙara, a kai shi a ranar, don wanda ya kwana a aljihun mota sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Gwaji ɗaya a watan Fabrairu kuma ba ya faɗin halin Agusta. A yi ɗaya a ƙarshen rani, ɗaya a tsakiyar damina.

Wajen ciniki da mai haƙa, a rubuta a takarda: zurfin da aka kai, irin bututun da kaurinsa, mita nawa aka toshe da siminti, da awa nawa aka ja ruwan don a ga ƙarfinsa. A kuma yi sharaɗi tun farko cewa kason ƙarshe na kuɗin sai sakamakon gwaji ya fito. Mai aikin kirki ba ya jin haushin wannan sharaɗi, wanda ya fara kame-kame kuwa gara a nemi wani tun motarsa ba ta shigo gari ba.